Kunnen Hagu na Badamasi

Duk wanda ya san Kura a 'yan shekarun nan ya san shagon ƙanina Badamasi, ko da daga waje ne, don ba kowa yake bari ya sa ƙafa a ciki ba. Shi ne na uku in ka baro gadar kanal, mai koren ƙyaure. Ni ce Indo, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'ata gumi: in sayi shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, in jiƙa, in turara, in shanya, in aika inji. Rumfata tana manne da bayan shagonsa. Shekara bakwai na ba shi, ni na goye shi, na sha duka saboda ɓarnarsa, saboda haka in na faɗi nasa ba gulma na yi ba.

Ba za a gane Badamasi ba sai an san Babanmu, Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tsaye a kan injin casar shinkafa. Wanda bai taɓa shiga ɗakin injin nan ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ƙara ce da ko ka fito sai ta rako ka gida, ka ci tuwo da ita, ka yi salla da ita. Kunnen hagu ne ya fara tafiya, don ta nan injin yake in Baba yana zuba shinkafa. Da farko Inna cewa take miskilanci ne. Sai muka ga in ana magana yana karkata kai yana miƙo kunnen dama, kamar kaza ta hango shaho. Bayan 'yan shekaru na daman ma ya bi ɗan'uwansa.

A shekarar casa'in da huɗu ya kai tumatir bakin titi wajen Garun Malam. Yana tsallakawa da kwando a ka, direban wata mota ya yi ta danna oda, mutane suna ta ihu, Baba ko waiwaye bai yi ba. Badamasi yana ɗaya tsallaken, shekarunsa goma sha bakwai, yana kiran "Baba! Baba!" har muryarsa ta dushe. A gabansa aka yi komai.

To shi ma Badamasin ya yi shekara shida yana taya Baba aiki a ɗakin injin nan, a gefen da Baba yake tsayawa. Daga ranar da motar ta kashe Baba bai sake taka ƙofar ba. Ya tattara ya tafi birni, ya zauna a Fagge wajen wani Lukmanu mai ɗaukar murya da gurza kaset, ya yi shekara bakwai a hannunsa. Da ya dawo, kayansa ba su cika bayan a-kori-kura ɗaya ba: mikisa, wato akwatin nan mai maɓallai da ake haɗa muryoyi, da makirufo uku, da rikoda, da wasu baƙaƙen lasifika guda biyu da ya rungumo a cinyarsa tun daga Kano, ya hana a ɗora su a baya. Ya yi aure, ya auri Kubra, yana noman ɗan filinsa na alkama da rani, amma abincinsa a shagon nan yake. Shi ke ɗaukar wa'azi, da walimar sauka, da waƙen 'yan Islamiyya, daga Kura har Bunkure da Madobi.

Ranar da zai jera lasifikan nan na tsaya kallon ikon Allah. Mutum ya ɗauko igiyar da ake auna fangali a gona, ya yi mata ƙulli biyu, ya shiga awo kamar mai rabon gado. Daga wannan lasifikar zuwa waccan, tsawon igiya. Daga waccan zuwa inda kansa zai kasance in ya zauna, tsawon igiya. Daga kansa zuwa ta farko, tsawon igiya. Na ce, "Kai Badamasi, rediyo ce fa, ajiye ta ka kunna mana!"

Ya ce, "Yaya, duwatsun murhunki nawa ne?"

Na ce uku.

"In ɗaya ya matsa fa?"

"Tukunya ta karkace."

Ya ce, "To kaina ne dutse na uku."

Ya ɗora kowacce a kan bulo huɗu har ta zo daidai kunnensa in yana zaune. Ya janye su kamu guda daga bango, ya ɗan juyo da fuskar kowacce tana kallon kunnen da ke gefenta. Ya zagaye gindin bulon da fenti, ya zagaye ƙafafun kujerarsa. Dama ya zaɓi shagon ne don bangon hagu da na dama tsawonsu ɗaya, siminti ɗaya. Ya rataya labule mara kauri a kowane gefe, yadi ɗaya aka raba biyu, ya bar fili tsakaninsa da bango. Daga ƙarshe ya buga ƙusa a bangon gaba, daidai tsakiyar lasifikan biyu. Ya zaunar da ni, ya ce in rufe ido, ya sa kaset ɗin wani malami, ya ce in nuna da yatsa inda nake jin muryar.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Muryar ba daga ta hagu take fitowa ba, ba daga ta dama ba. Malamin yana tsaye ne a gabana, a wurin da babu komai sai bango. Na buɗe ido na ga yatsana yana nuna ƙusar. Na ce, "A'uzu billahi! Wannan ai tsafi ne."

Ya yi dariya ya ce ba tsafi ba ne, adalci ne. In kunnuwa biyu suka sami rabo daidai, a lokaci ɗaya, murya tsakiya take zama. Da wannan ƙusar yake sanin ya haɗa kaset daidai. In ɗakin ya yi masa ƙarya, shi ma zai yi wa duk wanda ya sayi kaset ɗin ƙarya. Sannan ya kafa mini doka, ni da na goye shi: ko allura kada in ajiye masa a ɗakin nan. Amma in zai yi tafiya a hannuna yake barin mukulli, don ni ce kusa.

Shekara biyar muka yi haka lafiya lau. Sai kakar dubu biyu da shida.

Wani Malam Habibullahi mai Islamiyya a Bunkure ya kira shi ɗaukar walimar saukar ɗalibansa, aikin kwana biyu. Ranar da ya tafi na sayi shanshera buhu goma sha biyu. Da la'asar sai ga hadari ya haɗo daga gabas, irin na ƙarshen damina da ba a sa rai da shi, ga rumfata tana yoyo ta ko'ina. Huɗu na samu na tura ɗakin kwanana. Takwas suna tsakar fili, iska ta fara tashi, mukulli kuwa yana ɗaure a bakin zanina. Na ce a raina, ai ba a kan kayansa zan ɗora ba. Na kira masu dako biyu, na tsaya a kansu kada su taɓa bulo ko waya, suka jera buhunan a bayan labulen hagu, biyu-biyu har sama. Na sauke labule, na share ƙasa, na kulle. Ko ni da na shiga na duba, ban ga alamar an shigo ba. Ƙanshin shinkafa kuwa, da kaka garin Kura duka haka yake, har filon da kake kwana a kai. Na ce in rana ta buɗe na kwashe abina, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Aiki ya yi mini yawa, kwanaki suka yi ta tafiya.

Badamasi ya dawo da murnarsa, ya ce ɗaukar ta yi kyau: maza a dama, mata a hagu, Malam a tsakiya yana ja musu baƙi. Ya shiga shago da hantsi. Azahar ta yi bai fito ba. Da ya fito na miƙa masa ɗanwake, ya karɓa ya ajiye. Na ga fuskarsa ta yi fari fat. Na ce ko zazzaɓi ne, ya ce gajiya ce.

Daga nan na fara ganin abin da ban so gani ba. Zan leƙa in same shi a bakin ƙofa yana ƙyasta yatsu kusa da kunnen hagu, ya koma na dama, ya dawo na hagu. In ya gan ni sai ya yi kamar ƙuda yake kora. Ya daina zama a majalisar masu shayi. Kubra ta zo ta same ni a murhu ta ce, "Yaya, ko na yi masa laifi ne? Tuwo ma sai ya tsakura ya ture." Rannan yana tafe a gefen kanal, mai babur ya taho ta bayansa ya danna oda, sai na ga ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa, ya tsaya yana haki, mai babur har ya yi nisa yana nan bai motsa ba.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne ranar da nake masa maganar kuɗin taki, ina tsaye ta hagunsa, sai ya juyo da kai a hankali ya miƙo mini kunnen dama. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Baba na gani sak, har yadda yake ɗan runtse ido. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka mai isata. Amma ban tambaye shi ba. Tsoro nake ji in tambaya ya ce e. Kuma ko sau ɗaya, Allah shi ne shaida, ban kawo buhunan nan a raina ba. Ina ruwan shinkafa da kunne?

Malam Habibullahi ya aiko sau biyu a kan kaset, iyayen yara sun matsa masa. Badamasi ya ce a ƙara haƙuri. A kwana na goma sha biyu, bayan la'asar, ya zo ya tsuguna a gefen shanyata, ya ɗebi shinkafa yana murzawa a tafin hannu.

"Yaya, ciwon Baba ya zo."

Na ce, "Rufe mini baki! Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"Na hagu ne. Kamar nasa."

"Wa ya gaya maka? Likita ka gani?"

Ya girgiza kai. Ya ce tun ranar da ya dawo, muryar Malam ta bar ƙusa, ta koma dama, kusan rabin hanya zuwa lasifikar dama. Ya ɗauko igiya ya auna, komai yana kan fentinsa. Ya musanya lasifikan, ta hagu ta koma dama, muryar tana nan a dama. Ya canza wayoyi. Ya sa tsofaffin kaset da ya san su kamar tafin hannunsa, duka sun karkata. Ya gwada abin sawa a kunne, amma nasa ya tsufa, dama can ɗaya gefen ya fi ƙarfi, bai gaya masa komai ba. Ya ce, "Ba abin da ya rage sai ni. Yaya, in kunnen nan ya tafi me zan yi? Gona? In riƙa tsallaka titi da kwando?"

Ya ce ya yanke shawara zai mayar wa Malam ɗanyen ɗaukar a kai birni wani ya haɗa, shi kuma ya nemi mai sayen kayan tun suna da daraja.

Ni dai in tsoro ya kama ni masifa nake yi. Na miƙe na ce, "Tashi! Ragon banza. Mutum ya zauna ya yanke wa kansa hukunci shi kaɗai kamar alƙalin ƙauye. Tashi ka nuna mini abin da ƙusar taka ta yi." Na yi gaba ya biyo ni.

Ya tada janareta a can baya, ya rufe ƙyaure. Na zauna a kujerar, na rufe ido. Ya kunna. Yaran suka ɗauka, maza ta nan, mata ta can, sai muryar Malam Habibullahi ta shigo. Na ɗaga yatsa na nuna inda nake jin sa. Na buɗe ido. Yatsana ya wuce ƙusa, yana can dama sosai.

Badamasi ya kashe rikoda. Ya ce, "Yaya, kada ki yi mini haka don ki kwantar mini da hankali."

Na ce, "Ni na san inda kake ji ne da zan kwaikwaya? A can mutumin yake!"

"Sake."

Na sake, yatsa ya koma inda ya je da farko. Ya tsaya yana kallona, bakinsa a buɗe. Ya ce ai ni ban taɓa tsayawa a ɗakin inji ba, aike nake yi. In ni ma a dama nake ji, to ba kunne ba ne, ɗakin ne. Ya fara jujjuyawa yana kallon rufi, yana kallon ƙasa. "Me ya canza a ɗakin nan? Me ya canza?"

Na kalli labulen hagu, na ga gindinsa ya ɗan turo. Na ce, "Badamasi, in na gaya maka wani abu, ka tuna ni na goye ka."

Bai saurare ni ba, ya bi idona, ya je ya yaye labulen. Ga buhuna takwas a jere, da sunana a jiki da shuɗin fenti.

Sai ya zauna a ƙasa daɓas, ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya koma faɗa. "Kwana goma sha biyu, Yaya! Kwana goma sha biyu ina binne kaina da rai, ashe shansherarki ce take shanye mini sauti!" Ya ce bangon dama yana dawo da amo, na hagu kuwa buhuna sun haɗiye nasa, dole murya ta gudu inda aka fi ba ta. Na ce ya yafe mini, ruwa ne ya kore ni. Ya ce da ruwan ya cinye shinkafar ya biya ni. Na ce da wane arzikin? Muka yi ta yi, ina kuka yana kuka. Ko masu dako ba mu jira ba, mu biyu muka ja buhunan nan waje ɗaya bayan ɗaya, har bayana ya riƙe. Ya share wurin da hannunsa, ya sauke labule, ya sake auna igiya duk da ba abin da ya motsa.

Ya ce, "Zauna, mai laifi."

Na zauna, na rufe ido. Malam ya dawo gabana sak. Na nuna, na buɗe ido, yatsana a kan ƙusa. Na yi guɗa a cikin shagon da ko tari ba a yi.

"To tashi, in ji abina."

Ya zauna yana murmushi, ya gyara ƙafafun kujera a kan fenti, ya rufe ido. Na danna masa maɓallin da ya nuna mini. Yara suka ɗauka, Malam ya shigo. Badamasi ya ɗaga hannu, ya miƙa yatsa ba tare da wata shakka ba.

Ina tsaye a bayansa, ni na fara gani. Yatsan bai kan ƙusa. Ya kauce dama, ba da yawa ba, kamar faɗin tafin hannu. Na so in kama hannun in gyara masa kafin ya buɗe ido, wallahi har na ɗaga nawa. Sai ya buɗe.

Ya rufe ido ya sake, nan ya nuna. Ya sake na uku. Yaran Bunkure suna ta karatu, janareta yana ƙugi a baya. Ya sauke hannun a hankali ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Ashe dai yana tafe. Buhunanki ne suka sa na juya na gan shi."

Mun je asibiti a birni a satin. Aka sa masa wani abu a kunne, aka yi ta gwaji. Likitan ya ce na hagun ya ɗan ja baya, aikin ƙarar da ya sha tun yana yaro ne, ya guji hayaniya. Na tambaya ko zai tsaya a nan. Ya ce yana iya tsayawa, yana iya ci gaba, sai dai a riƙa dubawa.

Na ba shi shawara irin tawa, na ce ya matso da lasifikar hagu kusa kaɗan, murya ta koma kan ƙusa, hankalinsa ya kwanta. Ya ce a'a, ɗakin ba shi da laifi, ba zai koya masa ƙarya ba. Abin da ya yi, ya ɗauko guduma ya buga ƙusa ta biyu a inda yatsansa ya nuna. Ya ce ta farko ta mutane ce, wannan tasa ce. In ya ji Malam a kan tasa, ya san kowa zai ji shi a tsakiya. Da haka ya gama kaset ɗin walimar. Kafin ya kai, sai da ya zaunar da ni na nuna ƙusar farko da yatsana. Malam Habibullahi ya sa masa albarka, har yau bai san abin da aka sha ba.

Tun daga nan ba kaset ɗin da ke fita daga shagon sai na zauna a kujerar. Ina baro tukunya a wuta, in wanke hannu, in shiga in rufe ido. Yana tsokanata wai ni ce injiniyar da ba ta iya rubuta sunanta ba, ina ce masa ya yi a hankali, kunnen aro ne, mai shi tana iya karɓar abinta. In zai je Garun Malam kuwa ba na kunya, sai na bi shi har bakin mota ina cewa ya duba hagu ya duba dama. Duk kaka, in an gama yankan shinkafa, muna yin gwajin nan na yatsa, ni in fara shi ya biyo. Bara ya nuna ƙusarsa daidai, na yi sadakar waina. Bana ma na zauna na nuna tawa, sai tukunyata ta fara ƙauri, na fita da gudu kafin ya zauna.

Ina cikin kwashe shinkafa sai ga Kubra ta zagayo, ta tsaya a bakin rumfa tana murza gefen mayafinta. Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Yaya, wai in ji shi, in kina da ƙusa ki ba shi guda ɗaya."